Tambayoyin Masu Karatu: Kwari ya kusa cin gidajenmu, ko za mu iya kafa hukumar kanmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni malamin firamare ne. Shekara shida da suka wuce na sayi filin awon igiya a wata sabuwar unguwa ta wajen Ungogo, na yi ta lallaɓa ginin har na tare da iyalina. Yanzu mun kai gida 60. Akwai wata 'yar hanyar ruwa a bayan layinmu, lokacin da na zo yara ma tsallake ta suke yi. Bana ta zama kwari, babban mutum in ya shiga ba a hango hularsa, har ta ci katangar maƙwabcina. Sannan gidaje huɗu a ƙasan layi bangonsu sai tsagewa yake, dattawan wurin suka ce da can kududdufi ne aka cike. Mun kai kuka sau uku, an zo an duba an tafi. Ƙanin matata da ke karatu a Kalifoniya ta Amurka ya ce can mazauna unguwa kan kafa 'yar hukumarsu mai kula da irin wannan, kowane gida yana biya duk shekara. Gaskiya ne? Mu ma za mu iya? — Mai karatu daga Ungogo

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya tsare ku, ya mayar wa maƙwabcinka da alheri.

Ƙanin matarka gaskiya ya gaya maka. A 1979 majalisar jihar Kalifoniya ta amince da wata doka da Sanata Robert Beverly ya gabatar, wadda ta ba masu gidaje damar kafa gundumar kula da haɗarin motsin ƙasa, da suke ce wa GHAD a taƙaice. Abin da ya jawo ta wata unguwa ce a bakin teku, Abalone Cove, a garin Rancho Palos Verdes, kudu da Los Angeles, inda gangaren tudu ya riƙa zamewa a hankali da gidajen mutane a kansa. Masana suka gano ruwan da ke kwance a ƙarƙashi ne ke sa ƙasar santsi, maganin kuma a haƙa rijiyoyi a riƙa zuƙe shi. Sai aka tsaya a kan wa zai biya, tunda rijiyar da aka haƙa a filin mutum ɗaya maƙwabta da yawa take ceto. A 1981 aka kafa gunduma ta farko a wurin.

Masu kashi 10 cikin 100 na filayen yanki suna iya sa hannu su nemi a kafa gundumar, ko majalisar garin ta fara da kanta. Dole buƙatar ta zo da rubutaccen tsari daga ƙwararren masanin ƙasa mai lasisi, wanda ya faɗi mene ne haɗarin, ina ya tsaya, me za a yi masa. In masu fiye da rabin darajar kadarorin suka ce ba su yarda ba, magana ta mutu. In ta wuce, sai a ɗora mutum biyar daga masu gidajen, ko 'yan majalisar garin su riƙe, kuɗin kuma ya riƙa zuwa cikin takardar harajin gida ta shekara. A wasu garuruwa na kewayen San Francisco ma, mai gina rukunin gidaje a kan tudu ba ya samun izini sai ya yarda an kafa ta kafin a sayar da gida ko ɗaya. Tun ran gini tun ran zane.

Kada ka ɗauka ta gama musu komai. Bayan shekara biyu a jere na ruwa mai yawa, ƙasar Rancho Palos Verdes ta sake motsi da ƙarfi, har aka yanke wa gidaje da dama gas da lantarki, Gwamna Gavin Newsom ya ayyana dokar ta-ɓaci a garin a Satumba 2024. Amma rijiyoyin nan sun ba mutane shekaru masu yawa a cikin gidajensu, kuma da abin ya dawo akwai waɗanda alhakin ke wuyansu, akwai asusu, akwai bayanan awo na shekara da shekaru.

A nan gida, ƙungiyar unguwa ba ta da ikon ɗora wa kowa haraji, wannan hurumin gwamnati ne. Saboda haka ba za ku kafa irin tasu sak ba. Amma na daɗe ina ganin mafi yawan amfaninta kuna iya samu da abin da ke hannunku, kuma ina so ku gwada.

Mu Kano ba tudu ne ke zame mana ba. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ƙarƙashinta tsohon dutse ne mai ƙarfi, samanta marmara da jar ƙasa da rairayi. Matsalarmu ruwan sama ce, wanda ke zubo mana kusan gaba ɗaya tsakanin Yuni da Satumba, ya fi tsanani a Agusta. Ga lissafin da nake so ka karanta wa jama'a a masallaci bayan sallar isha'i. Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufin kwano mai murabba'in mita 150, in aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, zai zubar da lita 7,500, wato jarka 300 irin ta 'yan garuwa mai lita 25. Gida 60 kuwa lita 450,000 ke nan. Lokacin da wurin yake gona, ƙasa ce ke shanye yawancinsa. Yanzu kun rufe ta da kwano da siminti, kowa ya fito da bututunsa waje, duk ruwan ya haɗu ya nufi waccan 'yar hanya da yara ke tsallakewa.

Shi ya sa iyakar ƙungiyarku ba za ta tsaya ga waɗanda kwarin ya taɓa ba. Ranar da aka yi ruwa, ku fita da lema ku bi shi daga bakin kwarin ku yi sama, har inda ya daina gangarowa wajenku. Duk gidan da ruwansa ke ƙarewa a kwarin nan yana ciki, ko da mai shi bai taɓa ganin kwarin ba. A nan za ku sha gardama. Na saman layi zai ce shi gidansa lafiya lau. Ku gaya masa cikin mutunci cewa jarka 300 ɗinsa na cikin abin da ya ci katangar ɗan'uwansa, sannan kwari baya-baya yake ci: ruwa ya faɗo daga leɓensa, ya ƙwaƙule gindin, saman ya rufta, leɓen ya matso sama. Wajensa ya nufo. Mutanen Bulbula da Gayawa, nan kusa da ku, sun san yadda ƙaramar hanyar ruwa ke zama abin da ke raba unguwa biyu, ya ci gidaje.

Kafin ku sayi siminti ko buhu ɗaya, ku nemo masani. Na ga unguwar da ta tara kuɗi da ƙyar ta ja katangar bulo a bakin kwari, ruwan farko ya bi ta ƙarƙashi ya kwantar da ita. Ranar da na je mutanen tsaye suke a kanta shiru, har yau ina tuna fuskar dattijon da ya sayar da tumakinsa ya bayar. Ku sami injiniyan gine-gine mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, da masanin ƙasa mai rajista da COMEG, hukumar masana ƙasa da injiniyoyin ma'adinai. Jami'ar Bayero tana da sashen nazarin ƙasa da duwatsu, kuna iya fara tambaya daga can. Ku ce rubutaccen rahoto kuke so, mai taswira da sa hannu: daga ina ruwan ke zuwa, ina za a kai shi ya sauka lafiya ba a kan wata unguwa ba, me za a yi bana, me zai jira baɗi. Galibi aikin farko shi ne a kawar da ruwa daga kan kwarin da lambatu mai kankare, a yi masa matakalar sauka da duwatsun da aka ɗaure cikin ragar waya, a jera ƙananan shingaye a cikinsa don su rage gudun ruwa su tare yashi, a dasa jema a gefe saboda saiwarta na riƙe ƙasa. Kuma don Allah a daina zuba shara a ciki da sunan ciko. Shara ba ta riƙe komai, ture ruwan take yi ya koma cin gefe. In akwai masu ɗibar yashi a ƙasan kwarin, wannan ma a sa shi a rahoton, domin duk tifar da aka ɗiba ƙara wa ruwan gangara take yi.

Gidaje huɗun nan ciwonsu daban. Kududdufan Kano ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini, daga baya suka zama matattarar ruwa. In aka cike su da shara da ɓaraguzai ba tare da an daddaɓe ba, sharar na ruɓewa, cikon na zama, wani ɓangaren gida ya fi wani nutsewa. Alamarsa tsaga mai hawa kamar matakala daga kusurwar taga ko ƙofa, da ƙofar da ta daina rufuwa. Yau ɗin nan su shafa ɗan siminti a kan tsagar, su rubuta kwanan wata a gefe. In ya sake tsagewa cikin 'yan makonni, ginin yana kan motsi, kada a bar yara su kwana a ɗakin har masani ya gani. Filasta da fenti ɓoye ciwon kawai suke yi.

Sai kuɗi, inda yawancin ƙungiyoyinmu ke mutuwa. Mun iya karo-karo ranar da katanga ta faɗi, amma da an shiga Nuwamba ƙasa ta bushe, kowa ya manta, sai kuma wata daminar. Abin da ya fi burge ni a tsarin Kalifoniya shi ne kuɗin a kan gida yake, ba a kan mutum ba, kuma ana biya ko an yi ɓarna ko ba a yi ba. Ku kwaikwayi wannan iya ƙarfinku. Ku yi wa ƙungiyar rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu, don ta iya buɗe asusun banki da sunanta, ta ƙulla yarjejeniya da ɗan kwangila. Mutum uku su riƙa sa hannu, kada kuɗin ya kwana a aljihun kowa, ko limami ne. Kowane mai gida ya sa hannu a yarjejeniya a gaban mai unguwa da dagaci cewa zai riƙa biyan kaza duk wata, kuma in zai sayar da gidan zai sanar da mai saye, a rubuta sharaɗin a takardar ciniki. Tunda a unguwannin awon igiya da wuya a yi cinikin gida mai unguwa bai shaida ba, ku roƙe shi ya riƙa tambayar takardar biyan ƙungiya kafin ya sa hannu. Masu filayen da ba su gina ba su ma a neme su. Ku sa abin da mai ƙaramin albashi zai iya, ku sassauta wa zawarawa da marayu a rubuce, don kada ya zama abin gori. Kashi ɗaya na yashe lambatu ne kafin damina, kashi ɗaya a ajiye kada a taɓa. Duk wata uku a manna lissafi a ƙofar masallaci.

Wannan bai sauke wa gwamnati nauyinta ba. Tsarin mulki na 1999 ya sa gina magudanan ruwa da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Akwai KNUPDA mai kula da tsarin gari, akwai ma'aikatar muhalli, akwai shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma gyaran ƙasar da ta lalace na cikin aikinsa. Kwarin da ya fi tsayin mutum ya fi ƙarfin aljihun gida 60. In za ku koma karo na huɗu, ku tafi da takardar rajista, da rahoton masani, da hotuna masu kwanan wata, da shaidar abin da kuka tara, ku miƙa a rubuce a buga muku hatimin karɓa a kwafinku.

TAMBAYA: Injiniya, ni bazawara ce, zan sayi fili da kuɗin gadon 'ya'yana. Yaya zan gane ba cikakken kududdufi ba ne? — Mai karatu daga Kumbotso

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan maigidan, ya raya yaran. Ni kaina filina na farko da rani na saya, wajen wani dillali da ya rantse mini tudu ne. Da Agusta ta zo, ruwa har gwiwa, kuɗin shekara huɗu na tari ya tafi a nan, kuma ban manta zafin ba. Ki aika ɗan'uwanki ya zauna da tsofaffin manoman wurin, ba dillali ba, ya tambaye su ina ruwa ke kwanciya a da. Ki sa wani yaro mai kwamfuta ya buɗe miki tsofaffin hotunan wurin a Google Earth, ana iya komawa baya shekaru. Ki nemi izinin mai filin a haƙa rami kamar mita biyu a tsakiya: in aka fara fito da leda, tsumma, fasassun kwalabe ko baƙar ƙasa mai wari, ki haƙura da shi. In kuma mai filin ya hana haƙa ramin, kada ki biya ko sisi. Ki bari sai an yi ruwa mai ƙarfi, washegari da sassafe ki je ki tsaya a kan filin da ƙafarki.