Na'urar awon gudun fitsari tana rage lissafi, kada ka taɓa saitinta tukuna

Ka ce ka zuba ruwa mil 250 a kofin na'urar, takarda ta fito da 210, kana tambaya ko ka shiga kwamfuta ka gyara saiti. Kai yaro, cire hannunka daga nan. Ku yaran yanzu komai sai danne-danne, ba mai son durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin inji.

Na'urar nan sikeli ce. Mutum ya yi fitsari a mazurari, ya gangara kofi, sensar nauyi da ke ƙarƙashin kofin tana auna yadda nauyin ke ƙaruwa kowane sakan. Giram ɗaya na ruwa mil ɗaya ne. Fitsari ya ɗan fi ruwa nauyi, amma bambancin ba ya wuce kashi 3 cikin 100, kai kuwa ka rasa kashi 16. Ka san abin da wannan zai jawo? Dattijon da gudunsa ya kai mil 11 a sakan, takarda za ta ba shi 9. Likita yana ganin 15 zuwa sama a matsayin lafiya ga namiji, ƙasa da 10 kuma ya fara zargin furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ta toshe hanyar fitsari. Lambarka ce za ta tura bawan Allah layin tiyata.

Maganar mayar da ita sifili da duba batir ba zan ɓata bakina a kai ba. Duba ko bakin kofin yana taɓa mazurari, domin in ya jingina, ƙarfen da ke riƙe da mazurarin ne ke ɗauke wani nauyin. Duba ko daɓen a miƙe yake. Sannan ka auna da sirinji, ka zuba mil 100, ka zuba 200, ka zuba 500. In kason ragin cikin 100 iri ɗaya ne a duk ukun, saiti zai gyara. In a 100 daidai, a 500 ta zame, ko ka ɗauke kofi ta ƙi komawa sifili, sensar ta lanƙwashe, babu saitin da zai miƙe ta.

Irin wannan ce ta cinye wa shagon nan kuɗin sensa sukutum a wani asibitin kuɗi. An sa musu sabuwa, an gwada a gaban mai asibitin, ta ba da daidai. Ba a jima ba ya bugo waya yana kumfar baki, wai an sa masa jabu. Da aka kwance, farantin da kofi ke zama a kai ya karkace, ga shatin gindin bokiti a kansa ƙuru-ƙuru, ga farin gishirin bilic ya ci wayoyi huɗun sensar har sun yi kore. Mai shara ce take ɗora bokitin mofa a kai in za ta goge ƙarƙashi. Abin da aka yi don kilo ɗaya zuwa biyu, an aza masa lita 10! Nas ɗin ɗakin ta faɗa da bakinta, amma da mai asibitin ya shigo sai ta ce ba ta ga komai ba. Ya ce garanti ne, ya riƙe cikon kuɗin aiki, ya ce sai an canza kyauta ko ya ɓata sunan shago a wajen likitocin gari. Aka canza. Cikon har yau ana "zo gobe". Kuma da ma saiti ya so a murɗa masa don ta riƙa nuna lamba ko ta halin ƙaƙa, marasa lafiya su ci gaba da biyan kuɗin gwaji. Allah ya isa.

Saboda haka kafin ka kwance ko da noti ɗaya, ɗauki hoton farantin da wayoyin, tunda wayar salula ba ta barin hannunka, yau ta yi amfani. Rubuta sakamakon awo ukun, mai wurin ya sa hannu.

Gwajin gudu daban ne da na yawa. Zuba mil 300 a hankali, ba yankewa, cikin sakan 20 da agogo a hannu, matsakaicin gudu ya zo kusa da 15. In ka ga layin gudu a takarda ya yi tsalle zuwa 50 ya faɗo, ƙafa ce ta bugi ƙarfen ko an watsa ruwan kai tsaye cikin ramin mazurari. Ka kuma gaya wa nas, in fitsarin bai kai mil 150 ba, takardar ba ta da amfani, a ba mutum ruwa ya sha ya dawo. Wanka kuwa kofi da mazurari kawai ake wa, gindin na'urar tsumma mai ɗan danshi ya ishe shi.

Je ka zuba ukun nan ka kawo mini lambobin kafin la'asar.