Hukuncin mayar da kaya ga kamfani bayan an gama biki da su

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wani kamfanin kayan lantarki da ke da shago kusa da kasuwar Wunti a Bauchi ya ce duk wanda ya sayi kaya yana iya mayarwa cikin kwana 7 a ba shi kuɗinsa. Na sayi janareta don bikin ƙanwata, ya yi mana kwana uku. Abokina ya ce in mayar, ai ba don Allah suke yi ba, dabarar jan kwastoma ce. Ya halatta? Kuma irin waɗannan kamfanoni sun cancanci a amince musu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a auren.

Sharaɗin mayar da kaya halal ne, shi malamai ke kira khiyari, kuma a mazhabar Malikiyya wa'adinsa gwargwadon irin kayan ne.

Amma ɗan'uwa, kalmarka "don bikin ƙanwata" ita ta tsayar da ni. An ba mai saye wannan dama ne domin ya gwada, ya yi shawara. Wanda ya tada injin ya ji ƙararsa, ya ga ko zai ɗauki firij, gwaji ya yi. Wanda ya kwana uku yana haska rumfar biki har sai da aka kai amarya, ya riga ya yarda da ciniki da aikinsa ko bai furta ba. In kuma tun a shago ka ƙudura mayarwa, to aro ka ɗauka da sunan saye. Dubi bayan rasit ɗinka, galibi akan rubuta cewa sai kayan da ba a yi aiki da su ba.

Maganar abokinka kuwa ta yaɗu, har wasu na ƙarawa da cewa dukiyar kamfani ba ta da mai ita, ko masu shi ba Musulmi ba ne. Wannan kuskure ne. Wane ɗan kasuwa ne a kasuwar Muda Lawal ba riba ta fito da shi ba? Mai tumatir da ke yi maka gyara so yake ka dawo gobe, shin hakan ya halatta maka ka tsere da kuɗinsa? Neman riba ba ya zubar da alfarmar dukiya. Bukhari ya ruwaito cewa Mugira ɗan Shu'uba ya yaudari abokan tafiyarsa mushirikai ya kwashe dukiyarsu, sannan ya zo ya musulunta. Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa, ya nesanta kansa daga dukiyar. Ranar hijira ma Sayyidina Ali ya bari a Makka don ya mayar wa Ƙuraishawa ajiyarsu, alhali su ke farautar Annabi (SAW). Sannan ka tuna wanda abin zai faɗa wa: ko yaron shago da za a tuhuma, ko wani bawan Allah da za a goge injin a sayar masa a matsayin sabo.

In ka matsu da kuɗin, je ka faɗi gaskiya, ka ce ya yi aikin kwana uku. In sun karɓa, ko da ragi, halal ne.

Batun amincewa, kada tallan rediyo da murmushin mai kanti su sa ka saki jiki. Ka auna su da ranar da kaya suka lalace, ka tambayi waɗanda suka taɓa kai ƙorafi. Sun cika alkawari, gode musu ka faɗi alherinsu. Sun saɓa, akwai hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, amma ba za ka iya komai ba in ka yar da rasit da takardar garanti.

Abokin nan naka ka yi masa nasiha a keɓe, kada ka kunyata shi. In wani bikin ya taso, akwai masu ba da hayar janareta.

Wallahu a'alam.