Tambaya da Amsa: Dusar Ƙanƙara a Mashigar Tichka

Tambaya: Malam, zan tuƙa mota daga Marakesh zuwa Warzazat a ƙasar Maroko a watan Janairu. An ce ƙanƙara na toshe hanyar. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, hanyar N9 tana ratsa mashigar Tizi n'Tichka, sama da mita 2,200 a tsaunukan Atlas. In hukuma ta sauke shinge ta rufe hanya, ka haƙura ka jira. In hanya a buɗe take amma akwai ƙanƙara, ɗaura sarƙar hana santsi a tayoyin da inji ke juyawa, kada gudu ya wuce kilomita 50 a awa. A gangara ka sa giya ta biyu, domin taka birki da ƙarfi kan sa taya ta zame, mota ta juya. In ka maƙale, don Allah share ƙanƙarar bakin salansa kafin ka kunna inji. Hayaƙin da ke komowa cikin mota yana kisa.