Direban tirela ne ni, don me aka hana ni motar tsani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekara goma ina jan tirela tsakanin Kano da Legas kafin na samu aikin kwana-kwana. Yanzu an ce sai na yi kwas kafin in taɓa motar tsani. Wannan ba raini ba ne?
Wani direba, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, babu raini a ciki. Na yarda hannunka ya faɗa a sitiyari, amma tuƙi shi ne ƙaramin aikin wannan mota. Tsanin da ke kwance a bayanta, wanda kan kai mita 30 in an miƙe shi, ya sa nauyinta ya taru a sama. Ka shiga shataletale a guje, jiniya na kuka, sai ka ji ta kife.

Babban aikin yana farawa ne bayan ka taka birki. Kafin tsani ya motsa, sai an fito da ƙafafun jak, an sa faranti ƙarƙashin kowanne, an daidaita motar. A kan me jak ɗin ya tsaya? Murfin kwalbati ne, ko sokawe, ko ƙasar da ruwan mesa ya jiƙa? Ƙafa ɗaya ta nutse, shi ke nan, alhali abokin aikinka yana can sama da yaro a hannu. Kuma gwargwadon yadda tsani ya kwanta ya miƙe, haka nauyin da zai ɗauka ke raguwa. Wannan lissafin ba a koyonsa a hanyar Legas.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne wayoyin wuta. A bar aƙalla mita 3 tsakanin tsani da layin 11kV ko 33kV, domin wuta tana tsallakowa ko ba a taɓa waya ba. Kada wani ya ruɗe ka da "ai an ɗauke wuta". Ana iya dawo da ita kowane lokaci. Duk wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san yadda lungunan kasuwanninmu suke: matsatsi, wayoyi, ga jama'a sun cika hanya.

Ko a Amurka, ƙa'idarsu ta direbobin motocin kashe gobara ta ware wa mai sarrafa tsani jarrabawarsa daban da ta mai sarrafa famfon ruwa. A nan gida akwai makarantar Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya a Sheda, Abuja.

Ka je kwas ɗin. Ranar da aka miƙa maka makulli kuma, kada ka yi ribas sai da mutum a baya yana ba ka hannu.