Wa zai sayi motar, wa zai riƙe ta?

FILIN TAMBAYA DA AMSA

Tambaya:

Assalamu alaikum Baba. Ni malamar firamare ce a Kano. Ina zaune a Ɗorayi, makarantar da nake koyarwa kuma tana wajen Hotoro. Kullum sai na hau adaidaita sahu biyu a tafiya, biyu a dawowa, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashina a titi yake ƙarewa. Ƙanena yana sayar da tumatir a kasuwar Mil 12 a Legas, ya ba ni labarin wata bas da ake kira BRT mai hanyarta ita kaɗai, wadda ba ruwanta da cunkoso. Idan za a yi mana irinta, da kuɗin wa ake sayen motocin? Kuma ya dace a ɗebi dukiyar jama'a ko a ci bashi a sayo bas, alhali mun sha ganin an jera sababbin motoci an yi biki, bayan shekara biyu babu ko labarinsu?

Daga wata malamar makaranta, Kano.

Amsa:

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya yi wa aiki albarka. Kin sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Kafin in fara riƙe alƙalamin wannan fili, makullin sito na riƙe shekaru masu yawa a wani kamfanin sufuri na gwamnati, duk ƙarfen da zai shiga jikin mota ta hannuna yake fita. Bari in fara da abin da idona ya gani.

Ranar da aka kawo mana sababbin motoci, gareji ya cika maƙil. Fenti na sheƙi, kujeru ba a ko cire musu leda ba, maroƙa na kirari. Duk cikin manyan da suka zo ba wanda ya leƙo sito ya tambaye ni ko an haɗo da kayan gyara, kuma ba a haɗo da ko fambel ɗaya ba. Bayan 'yan watanni wata mota ta dawo kulocinta ya ƙone. Na rubuta takardar neman kuɗi, takarda ta shiga yawo daga wannan ofis zuwa wancan. Kuɗin da kwandastoci ke kawowa kowace yamma kuwa baitulmali yake wucewa kai tsaye, mu da muke riƙe da motocin ba mu da ikon taɓa ko kwabo. Ana nan ana jira, sai batirin wata motar ya mutu, shugaban kanikawa ya ce a aro na waccan tunda dai tana tsaye. Daga batir sai taya, daga taya sai fitila da gilashi. Kafin damina ta zagayo tana kan bulo, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin da hannuna na rubuta takardar cire kowane abu daga jikinta, ina sane da cewa motar da aka saya da kuɗin talakawa ce muke yanka saboda abin da bai taka kara ya karya ba.

Don haka tsoronki yana kan hanya. Sai dai maganinsa ba shi ne gwamnati ta naɗe hannu ba. Sai an duba inda kuɗin ya kamata ya fara shiga.

Abin da ƙanenki ya gani ba motar ce ke da abin mamaki ba, hanyar ce. Ana ware wani ɓangare na titi a katange shi, ba mai shiga sai bas. Fasinja na yankar tikiti tun kafin mota ta iso, sannan motocin na zuwa a kai a kai, ba a zaman jiran lodi. A birnin Kuritiba na ƙasar Birazil aka fara wannan tsari a 1974, zamanin magajin gari Jaime Lerner, sannan Bogota ta ƙasar Kolombiya ta faɗaɗa shi a ƙarshen shekarar 2000 da sunan TransMilenio. Duk direban haya ya san cewa da sawu mota ke biyan kuɗinta. Bas ɗin da ke maƙale a cunkoso tana shan mai a tsaye, wuni guda 'yan sawu kaɗan za ta yi. Ita dai wannan motar, in aka ba ta hanya, sai ta ninka sawunta da direba ɗaya. Ashe kenan hanyar ce ke biyan bashin motar.

'Yan'uwanmu na Gana sun ɗanɗana wannan. A 2016 aka fara bas ɗin Aayalolo a Akra, daga Amasaman zuwa Tudu, gwamnati ta sayo motoci 245 ƙirar Scania, masu kyau ƙwarai. Amma ba a gina musu keɓantacciyar hanya yadda aka tsara ba, sai ga su suna kokawa da ƙananan motocin haya a titi ɗaya. Kuɗin shiga bai riƙe su ba, a 2018 aiki ya tsaya cak na tsawon watanni.

Yanzu ga Legas, inda na fi so ki tsaya ki duba da kyau. An buɗe layin farko a watan Maris na 2008, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, kilomita 22 daga Mil 12 ɗin nan ta ƙanenki zuwa CMS a tsibirin Legas. A ƙasar nan jiha ce ke ɗaukar irin wannan nauyi, ƙananan hukumomi ba su da ƙarfinsa. Jihar, ta hannun hukumarta ta LAMATA, ita ta gyara hanya, ta kafa tasoshi, ta samar da gareji. Motoci ɗari na farko kuwa ƙungiyar direbobi ta NURTW ce ta kafa ƙungiyar gama-kai ta saye su da tallafin bashi daga bankin Ecobank, sannan kamfanin jiha na LAGBUS ya ƙaro wasu. Ba don Allah banki ya amince ba. Sharaɗi ya gindaya cewa kuɗin tikiti ta hannunsa zai fara bi, ya cire nasa, sannan ya miƙa wa masu mota ragowar, kuma shugabannin ƙungiyar suka tsaya da kansu a matsayin masu lamuni. Mutumin da ya san dukiyarsa ce a kan layi ba zai bar mota ta kwana a kan bulo saboda kuloci ba. Layin ya riƙa ɗaukar wajen mutum dubu ɗari biyu a rana, kuma ba a kai shekara biyu ba kuɗin motocin ya fito.

Ban ce komai ya tafi daidai ba. Da aka gama biyan banki, idon da ke kan kuɗin ya ɗauke, gyara ya yi rauni, motocin suka gaji da wuri saboda yawan lodi. Sa'ad da aka miƙa layin zuwa Ikorodu a 2015, wani kamfani mai zaman kansa, Primero, shi ya shigo da sababbin motoci 434 ƙirar Yutong daga Sin. A nan kuma wata masifar ke jira, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro a duk maganar bashi: da dala ake sayen bas da kayan gyaranta, fasinja kuwa da naira yake biya. A 2015 dala ɗaya ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. A 2016 ta haura 300. A 2024 ta wuce 1,500. Wanda ya ci bashin dala yana karɓar kuɗin mota da naira, bashinsa ƙaruwa yake yi yana barci, kuma ba zai iya ninka wa malamar firamare kuɗin tikiti sau bakwai ba. Shi ya sa nake cewa in za a ci bashin sayen mota, a yi iya ƙoƙari ya zama na naira. In kuwa dole sai na dala, gwamnati ta ɗauki nauyin faɗuwar naira a rubuce tun farko, kar a bar shi a wuyan fasinja.

A Bogota wata dabara suka yi da nake ganin ta fi kusa da adalci. Birnin da gwamnatin ƙasa suka gina hanya da tasoshi, wani ɓangare da harajin da birnin ke ɗorawa a kan man fetur, wato mai motar kansa na taimaka wa mai hawa bas. Kamfanoni suka sayi motoci da kuɗinsu. Kuɗin tikiti na taruwa a asusu ɗaya, sannan a biya kamfani gwargwadon kilomitar da motocinsa suka yi, ba yawan kawunan da suka kwasa ba. Kin ga direba ba shi da dalilin tseren fasinja ko tsayawa a tsakiyar titi, mai kamfani kuma ya san motar da ke kwance ba ta kawo masa sisi. Dakar ta ƙasar Senegal ta bi kusa da wannan a 2024: hanya mai kilomita 18 da tasoshi 23 gwamnati ta gina da rancen Bankin Duniya da wasu abokan hulɗa, motoci 121 masu aiki da lantarki kuma kamfanin da zai gudanar da layin na shekara 15 ne ya nemo kuɗinsu, kuma asusun zuba jari na ƙasar yana da kaso a cikinsa.

To, ya dace a sa kuɗin jama'a? Ni a ganina ya dace, har ma wajibi ne. Hanya da tasha da gareji ba ɗan kasuwar da zai gina su, kuma birane kaɗan ne a duniya kuɗin tikiti kaɗai ke riƙe sufurinsu. Ko motar ma, in bankuna sun ƙi bayarwa, ko ruwan da suke nema ya fi ƙarfin sana'ar, ba laifi jiha ta saya ta ba wa mai gudanarwa haya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fara da mota don ita ce ake iya jerawa a ɗauki hoto. Bas ɗin birni, in ana kula da ita, shekara goma zuwa sha biyu take yi. Tun daga ranar farko ya kamata a riƙa cire wani abu daga kowane tikiti ana ajiyewa a asusun da ba gwamnan da zai iya taɓawa, kashi ɗaya na gyara, kashi ɗaya na sayen magajiyarta. Da muna da irin wannan asusu a garejinmu, da waccan motar ta koma titi cikin kwana biyu.

Duk ranar da kika ji an sa kuɗin sayen bas a kasafi, Malama, ku da ƙungiyarku ta malamai kuna da bakin tambayar ɗan majalisarku. Wace hanya aka ware musu, kuma an katange ta? Sunan wa ke kan takardun motocin? An haɗo da kayan gyara na shekara nawa, an kuma horar da kanikawanmu a kan irin injin? In ya kasa amsa waɗannan, ku ce a dakata da sayen.

Tambaya:

Baba barka da aiki. Ni ɗan sahu ne, da wannan mashin nake ciyar da mata da yara huɗu bayan na cire balas. An hana acaɓa a Kano a 2013 muka koma adaidaita. In aka kawo manyan motocin nan, mu kuma ina za mu?

Daga wani matuƙin adaidaita sahu, Kano.

Amsa:

Barka kadai ɗana, Allah ya tsare hanya. Ba zan rufe ka ba, a kan babban titin da aka ba bas, cinikinku zai ragu. Amma bas ba ta shiga lungu. Malamar da ta yi tambaya a sama, sai wani ya ɗauko ta daga cikin unguwa ya kai ta tasha, wani kuma ya ɗauke ta daga inda ta sauka zuwa ƙofar makaranta. Gajeren sawu ne, mai kaɗan yake ci, kuma ana yin sa da yawa a wuni.

Sai dai kar ku tsaya a nan. Ka ji yadda direbobin Legas suka zama masu motocin farko. A Johanasbag ta Afirka ta Kudu ma, da aka fara bas ɗin Rea Vaya a 2009, an yi doguwar taƙaddama da masu ƙananan motocin haya har da zubar da jini, daga ƙarshe waɗanda layin ya shafa suka miƙa motocinsu aka ba su hannun jari a kamfanin da ke tafiyar da bas ɗin, direbobinsu da yawa kuma aka horar da su suka koma tuƙin babbar mota da albashi. Shi ma kamfanin ya sha fama da bashi daga baya, don haka hannun jari ba hutu ba ne, sai da sa ido a kan lissafi.

Lokacin neman wannan kaso shi ne kafin a sa hannu a kwangilar sayen motoci, domin bayan nan an riga an raba komai. Ku matsa wa shugabannin ƙungiyarku su tabbatar da rajistar kowane mamba da layin da yake bi, saboda da wannan takarda ake lissafin wanda za a ba kaso ko diyya. Kai kuma, in lasisinka na ƙaramin abin hawa ne, fara tara kuɗin koyon babbar mota tun yanzu. Bas ɗaya direba biyu take buƙata a rana, na safe da na yamma.