Rolls-Royce ta kafin yaƙi ba a tayar da ita sai an buɗe cikin injin

Ɗana, ka tambaye ni ko tsohuwar motar Rolls-Royce ta kafin Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ta shekara da shekaru a ajiye, za a iya juye mata sabon baƙin mai, a ɗaura batir, a tayar da ita don a ji lafiyar injin. Ba a yin haka, kuma duk wanda ya ce maka ana yi bai taɓa biyan kuɗin ɓarnar da ke biyo baya ba.

Ɗauki samfurin 20/25, wanda aka ƙera a Derby ta Ingila daga 1929 zuwa 1936, guda 3,827 kacal. Injinsa silinda shida ne, kiranshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, yana kwance a kan metal bakwai, wato matashin da yake juyawa a kansu, kuma ba shi da matatar mai irin ta yau wadda dukan mai ke ratsawa. Kiranshaf ɗin da rami a cikinsa, kuma a can dattin shekaru yake taruwa ya daskare kamar kwalta. Baƙin man zamani yana ɗauke da sinadarin wanke datti, saboda haka da zarar injin ya ɗauki zafi sai ya ɓamɓaro wannan daskararren datti ya tura shi cikin ƙananan hanyoyin mai, su toshe. Metal ɗin kuwa ba irin na cikin kwali ba ne da kake aikawa a sayo maka a kasuwa. Narkakken kuza ne da aka gauraya aka zuba, sannan aka yanka shi daidai da kiranshaf ɗin wannan injin kaɗai, kuma idan ya rasa mai na ɗan lokaci sai ya narke ya zube.

Wani attajiri ya taɓa kawo mini irin wannan mota, ƙirar 1934, wadda ya gada, yana so a ɗauki amarya da ita a bikin 'yarsa. Na gaya masa a gaban shaidu cewa sai an sauke injin, kuma aikin ba zai kai ranar biki ba. Ya ce ya yarda, in ci gaba, zai biya komai idan an gama. Da yake mutum ne mai rawani da carbi a hannu, ban nemi ko kwabo ba. Da kuɗin aljihuna na sa aka aiko da gasket da zoben fistin daga Ingila. Kafin su iso na shiga aikin jiki, domin a wancan zamani shasi da injin kawai kamfanin Rolls-Royce yake sayarwa, sai gidajen ƙera jiki irin su Hooper da Barker da Park Ward su ɗora gangar katako su lulluɓe ta da alminiyam. Gara ta cinye ginshiƙan ƙofofin baya, ni da kafinta muka fitar da su ɗaya bayan ɗaya muka sassaƙa sababbi, har ƙofa ta koma rufuwa da yatsa ɗaya.

Ana saura kwanaki kaɗan biki, na tafi ta'aziyya ƙauye. Sai attajirin ya aiko da yaransa da wani matashin makanike mai yawan baki, suka ce wa mai gadi ni na aiko su, suka ja motar zuwa gida. Matashin ya juye mai mafi tsada a kasuwa, ya tayar da ita, aka yi tafi da guɗa. Ba su fita unguwar ba injin ya buga. Da na dawo na buɗe, metal biyu sun narke, kiranshaf ya ƙone ya yi shuɗi, kawunan notina kuma duk sun goge, domin yaron bai san zaren Whitworth ba, wato tsohon ma'aunin noti na Ingila: akwai notin da sifana 13 ba ta shigarsa, 14 kuma zamewa take yi, shi kuwa ya yi ta murɗawa da ƙarfin tsiya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mai motar ya bi gari yana cewa ni na lalata masa gadon mahaifinsa. Bai biya kuɗin kayan ba, bai biya ladan aiki ba, kafinta ma daga aljihuna na sallame shi, kuma akwatin sifanun Whitworth da na gada daga maigidana, wanda ke kan kujerar baya, har yau ban sake ganinsa ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Matsalarku ku yaran yau ita ce kunnenku na son ƙarar injin fiye da yadda hannunku ke son aiki. Kun saba da a jona kwamfuta ta faɗa muku ciwon mota, ko ku kalli bidiyo a waya ku ɗauka kun ƙware, alhali wannan mota ba ta da inda za a jona komai.

Zancen tsohon fetur, fulogi da ruwan lagireto ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san su ba ya koma wankin mota. Ka sauke kaskon ƙasan injin, ka cire murafen ramukan kiranshaf, ka ƙwaƙule dattin, ka wanke kowace hanyar mai har iska ta ratsa ta, ka auna metal, sannan ka juya injin da hannu ka ji ko akwai inda yake cijewa. Kafin ka taɓa noti ɗaya, mai mota ya ajiye kuɗin kaya, a rubuta yarjejeniya, makulli kuma ya kwana a aljihunka.

Idan kuwa ka ɗaga bonet ka ƙirga silinda goma sha biyu, to Rolls-Royce samfurin Phantom III ce ta 1936 zuwa 1939, wadda 727 kawai aka yi, kuma na farkonsu da matsin mai suke daidaita bawul, datti kaɗan ya isa ya rikita su. Wannan ba aikinka ba ne tukuna. Ka mayar da bonet ka rufe, ka aiko a kira ni.