Inna, in bar alli ko in bar alƙalami?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Inna. Ni malamar lakwal ce ƴar kwantaragi a nan Damagaram, shekaruna 26. Tun ina kwaleji nake rubuta labarai a cikin kaye (littafin rubutu), yanzu sun kai tara, duk suna ƙasan akwatina, zannuwa sun danne su. Kwanaki gwaggona ta ci karo da ɗaya, ta sa ɗanta ya karanta mata, ta ce in aka ji a waje za a ce asirin gidanmu nake tonawa. Wanda zan aura bayan babbar salla mutumin kirki ne, amma ban taɓa gaya masa ba, ina tsoron ya ce in daina. Ƙawata kuma ta ce in ajiye koyarwa in rungumi rubutu, in koma yin sa da Faransanci ko da irin Hausar littattafan Kano don a saya. Inna, in na kwana biyu ban yi rubutu ba, ji nake kamar ba ni ba. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma duk na zo kan maganar akwatin nan sai in dakata, don ni ma na taɓa yin irin wannan ajiya. Nawa kaye biyar ne. Ina sabuwar malama na cika su, da dare, a hasken fitilar ƙwai, bayan na gama duba aikin yara. Da aurena ya matso na naɗe su cikin tsohon zane, na tura ƙarƙashin gadon mahaifiyata a Birni, na ce sai hankali ya kwanta. Ɗakin ƙasa ne. Bayan shekara shida na jawo ƙunshin, ina kwancewa sai ƙasa ta zubo mini a cinya. Gara ta shiga ta tsakiya ta cinye, ta bar mini bango da gefen takardu, nan rabin kalma, can wutsiyar layi. Na daɗe zaune a kan tabarma ina jujjuya su, ina neman shafi ko ɗaya cikakke, ban samu ba. Kuma babu wanda ya hana ni rubutu. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, sai da na haura arba'in ya ji labarin, abin da kawai ya ce shi ne, "To don me ba ki faɗa ba?" Ban sami abin ce masa ba.

Saboda haka ki gaya wa yaron nan, kuma kafin a ɗaura. Tun ran gini ran zane. Kada ki yi ta waya. Ran da ya zo zance, ki fito da kaye ɗaya, wanda kika fi so, ki miƙa masa ki ce, "Ga abin da nake yi tun ina yarinya, kuma ina so in ci gaba a gidanka." Ki bar shi ya tafi da shi ya karanta. In ya amince, ki sanar da waliyyinki don maganar ta zama a fili tsakanin manya. In kuwa ya nuna ba ya so, gara ki ji yanzu, kina gaban iyayenki, da sauran damar a zauna a fahimtar da shi, da ki ji bayan an kai ki ɗaki. Ba na son ki shiga aure da ɓoyayyen akwati, kina rubutu kunnenki na kan ƙofa.

Gwaggonki kuma kada ki yi fushi da ita, tana da gaskiyarta. Abin da kika gani a cikin gida amana ne. In har ɗanta ya karanta ta gane da wa ake, to kin kwafo mutum ne ɗungurungum, aikin bai nuna ba tukuna. Ki ɗauko halin wannan ki haɗa da muryar wancan, ki sauya unguwa da sana'a, har mai abin ya karanta bai ga kansa ba. Amma in nufinta rubutu bai dace da ɗiya mace ba, ki tuna mata cikin ladabi cewa Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu, ta yi rubutu da Hausa da Fulatanci da Larabci, kuma tun rasuwarta a 1864 ba a daina karanta ta ba.

Aiki kam kada ki bari. Na san kuɗin kwantaragi ba su taka kara sun karya ba, amma littafi ba ya ciyar da mai shi da wuri, wani ma har abada. Sakin reshe ne kama ganye.

Maganar harshe ce ta fi tsaya mini a rai. Faransanci ba laifi ba ne, da shi muka yi karatu, da shi muka ci abinci. Amma ki tambayi kanki da wane harshe mutanen labarinki suke faɗa da kuka da ciniki. A nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci a 1973, kuma a 2025 dokar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Yaran da ke gabanki a aji za su nemi abin karantawa da harshensu, wa zai rubuta musu? Matan Kano da ƙawarki take nuna miki, tun shekarun 1980 suka cika kasuwa da littattafai, kuma abin da ya sa aka karɓe su, Kanonsu suka rubuta da bakinsu. Ki karance su ki koyi ƙulla labari, amma kada ki ari bakinsu.

Ke kina da Damagaram. Kin san layin pampo a watan bazara, bido rawaya jere tun kafin asuba, kowace mace ta san nata ko a duhu, kin san irin maganar da ke tashi in ruwa ya ɗauke saura mutum biyu a kai kanki. Kin san kiran ɗan garuwa, da warin jima a Majema, da hayaniyar Kasuwar Dole ranar Alhamis. Kina bi ta gefen abin da ya saura na ganuwar Sarki Tanimun, a garin da ya riƙe babban birnin ƙasa har 1926 kafin a mayar Yamai, kuma tsofaffinmu har gobe da wannan a bakinsu. In yarinyar labarinki lakwal take zuwa, ki ce lakwal. In jaka biyu aka ranta mata, ki ce jaka biyu. Wanda ke Kano ko Katsina zai gane, zai ma ji daɗin baƙon ɗanɗano.

Ki ware lokaci ɗaya da ba ya motsi, ko minti talatin bayan sallar asuba. Abin da kika rubuta ki karanta wa wadda ba ta yi boko ba, inda ta fara kallon ƙofa nan ne gyara yake. In kin kammala littafi, kafin ki watsa shi a WhatsApp ki yi masa rajista a BNDA, hukumar da ke kare haƙƙin mawallafa.

Yau ɗin nan kuma ki fito da kayen nan tara, ki ɗauki hoton kowane shafi da wayarki, ki aika wa wadda kika yarda da ita ta ajiye miki. Sannan ki rubuto mini shafi biyu a kan layin pampon unguwarku, ki haɗo da abin da yaron ya ce. Ina jira. Allah Ya sanya albarka a auren da alƙalamin.